Kimiyya

A Misfala, unguwar da ke kudu da Haramin Makka inda Hausawa suka daɗe da zama, in ka ce wa ɗan makaranta "kimiyya", haɗa sinadarai kawai zai faɗo masa a rai. Yana da gaskiya: ma'anar "kimiya" ke nan a Larabci, fannin da ake dangantawa da Jabir bin Hayyan. Nazarin rayayyun halittu kuwa "ahya" yake kiransa.

Da kalmar ta shigo Hausa sai ta yi faɗi, kuma faɗin nan yana burge ni. Yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana kimiyya ce, yadda sauro ke yaɗa zazzaɓin cizonsa kimiyya ce, haka ma gwajin da malami zai maimaita a gaban ɗalibai kafin su yarda.