Ɗan Kasari da Maƙwabtanta: Ƙasa, Jama'a da Mulkin Ƙaramar Hukuma a Ƙasar Arawa

Matafiyin da ya bi babbar hanyar kwalta daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni, in ya bar Doso zai ratsa Kore Mairuwa, ya iso Dogon Dutsi, sannan ya nufi gabas ta Ɗan Kasari. Wannan yanki shi ne Arewa ta Nijar, ƙasar Arawa da Gubawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri. Har zuwa 2011 gunduma ɗaya ce, sai aka yanke Tibiri daga Dogon Dutsi. Yau gundumar Dogon Dutsi tana da ƙananan hukumomi shida: birnin kansa, Ɗan Kasari, Matankari, Kiyece, Dogon Kirya da Sukukutan. Tibiri tana da huɗu: Tibiri, Geceme, Kore Mairuwa da Dumega. Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, an ɗora wa waɗannan hukumomi jama'a mai yawa da aiki mai nauyi, amma ba a ba su abin da za su riƙe ko ɗaya daga ciki ba. Ɗan Kasari ce za ta zame mana misali.

Ba a fahimtar Arewa sai an fahimci Dallol Mawri. Tsohon kwarin kogi ne da ya daina gudu tun zamani mai nisa, ya gangaro daga arewa zuwa kudu har ya kai wajen Gaya. Ruwan bai ɓace ba, ƙasa ya shige. A cikin kwarin, wurare da dama in an haƙa rijiya kaɗan sai a tarar da ruwa, shi ya sa garuruwa suka yi jere a bakinsa, gawo ya yi yawa a gonaki, lambunan rani suka samu gindin zama. Albasar Sukukutan da dankalin turawa na kewayen Dogon Dutsi daga wannan ruwa suke sha. Da zarar an hau tudu kuwa sai labari ya sauya: fako ne da tsakuwa da sabara, rijiya tana yin zurfin da jan guga yake zama aikin jaki ko sa, noma kuma ya rataya ga damina ɗaya tak wadda ke farawa wajen Yuni ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Ruwan sama yana raguwa yayin da aka nufi arewa, don haka manomin Sukukutan da na Geceme ba su cikin hali ɗaya ko da shekara ta yi kyau.

Da yawa daga ƙauyukan Ɗan Kasari ba su cikin wannan kwari mai albarka. Hatsi da wake su ne ginshiƙin rumbu, mata kuma suna noma gyaɗa da gujiya da yakuwa a 'yan gonakinsu. Wannan bambanci na tudu da kwari shi ne, a ganina, ya fi kowace iyaka da aka zana a taswira muhimmanci, domin shi ke yanke wa ƙauye hukuncin ko samari za su zauna su yi lambu bayan kaka, ko su ɗaura jaka su tafi cin rani. Amma dokar ƙananan hukumomi ba ta san shi ba. Hukumar da ke kan fako da wadda ke cikin kwari, aiki ɗaya aka ba su, hanyoyin samun kuɗi iri ɗaya aka buɗe musu.

Alƙaluman ƙidayar 2012 suna da abin faɗa. Gundumar Dogon Dutsi tana da mutum 372,473, Tibiri 270,016, jimla 642,489. Ɗan Kasari, wadda ake kira hukumar karkara, tana da 78,132, wato ta fi hukumar birnin Dogon Dutsi mai 71,692. A Tibiri, Geceme ta kai 108,778, alhali Dumega ba ta wuce 29,429 ba. A lokacin, magajin garin Geceme ke nan yana kula da jama'ar da ta ninka ta Dumega fiye da sau uku da rabi, da ofis ɗaya da majalisa ɗaya. Kalmar "ƙarama" a nan tana ruɗar mutum. Jama'ar da ke warwatse a ƙauyuka da tungaye da rugage masu yawa ta fi wuyar hidima a kan wadda ke dunƙule a gari guda, domin kowane ƙauye yana neman rijiyarsa, ajinsa da ɗakin shan maganinsa.

Akwai kuma wani abin lura. A ƙidayar 2001 tsohuwar gundumar Dogon Dutsi tana da kimanin mutum 494,000. Ƙarin da aka samu zuwa 2012 bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, a lokacin da jama'ar Nijar baki ɗaya ta tashi daga miliyan 11 zuwa miliyan 17, ƙarin da ya haura kashi 50. Babu wata alama da ke nuna cewa haihuwa ta ragu haka a Arewa. Fassarar da ta fi kusa da hankali ita ce mutane suna fita: zuwa Yamai, zuwa Sakkwato da Kebbi, zuwa Legas da sauran biranen gaɓar teku. Iyakar Najeriya tana nan kusa, 'yan uwa suna can ƙetare a Kangiwa, naira tana yawo a kasuwannin bakin iyaka kamar sefa. Idan Najeriya ta rufe iyaka, kamar yadda ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko a lokacin takunkumin ECOWAS na 2023, abin yana taɓa tukunyar gida kafin ya taɓa baitulmalin gwamnati.

Ta fuskar mulki, ƙaramar hukuma baƙuwa ce a ƙasar da ta daɗe da masu ita. Tun kafin zuwan Turawa iko a nan kashi biyu ne. Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama, su ke riƙe da al'amarin ƙasa da tsafinta, kuma cibiyarsu Lugu, garin Sarauniya, yana cikin hukumar Ɗan Kasari ta yau. A nan ne rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta gamu da turjiya a Afrilun 1899, ta ƙone garin. Sarauta kuwa tana hannun Arawa, waɗanda ke danganta asalinsu da wani ɗan sarkin Barno. Matankari ce mazaunin Sarkin Arewa kafin Faransawa su mai da cibiyar mulki Dogon Dutsi. A kudu akwai Samna na Tibiri da sarautar Takasaba a Geceme. Marc-Henri Piault ya yi bayanin wannan rabon iko a littafinsa na tarihin Mawri na 1970. Dokokin 2002 da suka kafa ƙananan hukumomi 265 a Nijar, da zaɓen farko na Yulin 2004, sun zo ne suka shimfiɗa sabon tsari a kan wannan tsohon.

Sakamakon haka, a zamanin zaɓaɓɓun majalisu magajin gari yana da hatimi amma mai gari ne ya san mutane. Harajin kai, wanda talakawa ke kira lanho, ta hannun masu gari yake bi kafin ya iso asusun hukuma, kuma su ma suna da kasonsu a ciki. Rikicin gona ko na burtali tsakanin manomi da makiyayi, wurin sarki ake fara kai shi don sulhu, ko da yake dokar ƙasar noma ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye. Kafin a rushe majalisun a 2024, sarakuna suna zama a majalisar hukuma su ba da shawara, ba su jefa ƙuri'a. Ba na ganin wannan haɗin a matsayin aibi, domin babu magajin garin da zai iya tara haraji a ƙauyuka masu nisa ba tare da su ba. Aibin yana wurin kuɗin kansa. Lanho da kuɗin kasuwa da na shaidar cinikin dabbobi su ne kusan dukan abin da hukumar karkara ke samu da kanta, kuma shekarar da hatsi bai yi ba, ko magidanta suka tafi cin rani, lanho ba ya taruwa. Abin da ya shigo, albashin 'yan ma'aikata da alawus ɗin zaman majalisa sun cinye mafi yawansa.

Duk da haka a 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi sassan ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. An ba jaki kayan raƙumi. Hukumar ANFICT da aka kafa don tallafa musu tana nan, amma rijiyoyin burtsatse da azuzuwan da ake gani a ƙauyuka, da yawansu ayyukan masu ba da agaji ne. Ɗan Kasari ta amfana da ƙawancenta da garin Cesson-Sévigné na Faransa, kamar yadda Dogon Dutsi ta amfana da Orsay. Alheri ne, ba a raina shi. Sai dai hukumar da ci gabanta ya dogara ga ƙawa a Turai, duk ranar da dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, kamar yadda ta yi tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aikinta na iya tsayawa cak.

A Afrilun 2024 mahukuntan soja suka rushe majalisun da aka zaɓa a Disambar 2020, suka naɗa wakilai su riƙe hukumomin. Wataƙila wani wakili ya fi wani magajin gari iya aiki. Amma naɗi bai kawo ruwa kusa a kan fako ba, bai ƙara lanho ba, kuma ya ɗauke abu ɗaya da ɗan ƙauye yake da shi, wato kansilan da ya sani, wanda zai tare a kasuwa ya tambaye shi ina rijiyar da aka yi alkawari. Duk wanda zai sake tsara mulkin karkara a Arewa, ya mayar wa jama'a zaɓensu, ya kuma raba tallafin gwamnati bisa yawan mutane da zurfin rijiyarsu, ta yadda Ɗan Kasari da Geceme za su samu abin da ya dace da nauyin da ke kansu.