Ƙaramin Dam na Karkara a Ƙasar Wudil

Ƙaramin dam ganuwa ce ta ƙasa da ake ginawa a ƙetaren ƙorama ko kwari domin tare ruwan damina ya kai rani. Da yumɓu ake cika tsakiyarta, ana zubawa ana daddaɓewa, sannan a bar mafita a gefe inda rarar ruwa za ta wuce. Ya bambanta da kududdufi, wanda rami ne da ya samu daga haƙar ƙasar gini.

Gina madatsun ƙasa ya bunƙasa a Jihar Kano zamanin Gwamna Audu Bako (1967 zuwa 1975), musamman da farin farkon shekarun 1970 ya halaka dabbobi. A lokacin aka yi madatsun Bagauda da Tiga, daga baya aka yi na Kafin Ciri a Garko, maƙwabciyar Wudil.

Garin Wudil kansa yana bakin Kogin Haɗeja, amma ƙauyukan da ke nesa da kogin sun dogara da rijiyoyi da tafkuna. Ga kuma kasuwar kara ta ranar Juma'a, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Najeriya, wadda ke jawo garkuna daga nesa. A zafin bazara saniya ɗaya kan sha lita 30 ko fiye a yini, rana da iska kuma suna ɗauke wajen mita 2 na ruwan tafki a shekara. Shi ya sa zurfi ya fi faɗi muhimmanci: dam marar zurfi kan zama taɓo tun watan Maris.

Ruwan dam yana kuma da amfani wajen kashe gobara, wadda a hunturu ta fi yawa, lokacin da danni da zana da harawar da aka jibge kan rufi suka bushe ƙayau. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, bokiti da jarka ne makamin mutanen ƙauye, motarsu ma tana bukatar wurin sake ɗiban ruwa a kusa.

Rashin kula ne ke kashe irin wannan dam. Kofato na zaizaye ganuwa, rairayi na cike ciki idan ba a yashe ba, ruwan da mutane da dabbobi ke shiga kuma yana yaɗa tsargiya da ciwon hantar shanu. Gyaran shi ne a killace ganuwar, a ware mashaya daga gefe. Mafitar rara ma ba abin sakaci ba ce. Ɓallewar Dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988 ta cinye gidaje da gonaki masu yawa.