Baiko Mai Ƙetare Teku: Nazarin Tara Kuɗin Agaji Tsakanin Cocin 'Yan'uwa ta Amurka da EYN

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ikilisiyoyin Cocin 'Yan'uwa ta Amurka suka tara kuɗi domin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, a tsakiyar rikicin Boko Haram. An dogara ne ga sanarwoyi da rahotannin da cocin biyu suka fitar. Nazarin ya nuna cewa daɗaɗɗen zumunci ne ya buɗe bakin aljihun masu bayarwa, kuma littafin lissafi bai kama babban kason agajin da masu bi na gida suka yi wa junansu ba.

Tushen Dangantaka

A watan Maris na 1923 ne 'yan mishan na cocin Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga nan aikin ya bazu cikin Bura da Margi da Kibaku da Kamwe, da makarantu da asibitoci. Cocin Nijeriya ta samu ikon tafiyar da kanta a 1972, kuma a yau mabiyanta sun ninka na uwar cocin da ke Amurka sau da yawa. Ita wannan uwar, wadda ofishinta ke Elgin, tana cikin coci-cocin da suka haramta wa kansu ɗaukar makami tun kafuwarta a Jamus a 1708.

Shekarar 2014

Akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu 'ya'yan EYN ne. A watan Oktoba hukumar gudanarwar cocin Amurka ta amince da kashe har dala miliyan 1.5 a kan rikicin. Bayan 'yan kwanaki, ranar 29 ga watan, hedikwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun mayaƙan Boko Haram, shugabannin cocin suka koma Jos.

Abin lura shi ne yadda aka tsara kuɗin. An ware dala 500,000 a matsayin kuɗin tayi: duk dalar da wata ikilisiya ta kawo, hukuma za ta ɗora mata guda. Wannan dabara ta sa ƙaramar ikilisiyar karkara ta ji cewa ɗan baikonta na Lahadi yana da nauyi. Sauran hanyoyin tsofaffi ne. A jihar Fensilfeniya an daɗe ana gwanjon agaji shekara-shekara, inda manomi ke jawo karsana, mata kuma su kawo barguna masu faci-faci da suka kwashe watanni suna ɗinkawa da hannu. Wanda ya taɓa zama a sujadar godiyar kaka a Adamawa, ya ga an jere buhun masara da damin dawa da ɗan akuya a gaban bagadi ana tayawa, ba zai ga baƙon abu ba a nan.

A 2015 ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Matan EYN ta zagaya ikilisiyoyin Amurka, ta kuma rera waƙa a babban taron shekara a Tampa. A ra'ayin mai wannan nazari, ziyarar ta yi abin da rahoto ba zai yi ba, domin mai bayarwa ya ga fuskar wadda aka ƙona wa gida, ya ci abinci da ita.

Inda Gizo Ke Saƙar

Kuɗin da aka ɗaure wa sharaɗi ba ya karkata. Mai bayarwa yana son ya ji an sayi hatsi, an haƙa rijiyar burtsatse, an raba iri da taki. Ba kasafai yake ɗokin biyan albashin faston da garkensa ya watse ba, alhali zakka da baikon da ke riƙe wannan fasto sun tsaya cak tun ranar da aka gudu. Tsarin EYN kuwa daga ƙasa yake ciyar da sama: majalisar ikilisiya ta tura wa gunduma, gunduma ta tura wa hedikwata. Da gundumomi suka tashi, sai jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Ga kuma matsalar lokaci: hannu na sakewa ne muddin labari na kan jaridu, shi kuwa sake gina gari da warkar da zukata aikin shekaru ne.

Batun wa za a ba shi ma ya taso. Matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, wanda Markus Gamache ya jagoranci kafawa, ya zaunar da Kirista da Musulmi wuri guda, haka ma ƙungiyar CCEPI ta Rebecca Dali ba ta tambayar addinin gwauruwa kafin ta auna mata hatsi.

Giɓi mafi girma yana cikin ma'aunin kansa. Ana rubuta dala saboda ta bi ta banki. Iyalin da ya sauki mutum ashirin a Yola ko Jos, ya buɗe musu rumbu har daminar gaba, ba shi da rasit. Mai binciken da zai zo nan gaba sai ya bi littattafan majalisun ikilisiya da na zumuntar mata gunduma-gunduma, ya yi lissafi da mudu da ɗakin kwana kamar yadda ake yi da dala.