Byobu: Allon zane na Japan da ake ƙawata gidaje da shi

Byobu wani allo ne mai ninkewa wanda mutanen Japan suka shafe fiye da shekaru 1,300 suna amfani da shi wajen raba ɗaki, da tsare iska, da kuma nuna matsayin mai gida.

Ma'anar kalmar ita ce kariya daga iska.

A yau masu sha'awar kayan tarihi a Turai da Amurka na sayen tsofaffin allunan domin ƙawata falo, sai dai tun asali ba a yi su don a bar su a buɗe shekara da shekaru ba.

Asali

Daga ƙasar Sin allon ya samo asali. Littafin tarihin Japan mai suna Nihon Shoki ya ambaci cewa masarautar Silla ta Koriya ta aika da shi cikin kyaututtuka a shekara ta 686.

Har yanzu akwai wasu allunan ƙarni na 8 a taskar Shosoin da ke birnin Nara.

Da farko da igiyar fata ko ta siliki ake haɗa fallayen, kowanne da zanensa. A wajajen ƙarni na 14 aka fara haɗa su da takarda, lamarin da ya bai wa mai zane damar shimfiɗa hoto guda daga wannan gefe zuwa wancan.

Yadda ake yin sa

Akan harhaɗa siraran katakai, a lulluɓe su da takardar gargajiya ta washi rufi bisa rufi, ana manna ta da kullun alkama. A kan wannan ne ake ɗora zanen.

Wanda aka fi sani shi ne mai fallaye 6, kuma yawanci bibbiyu ake yin su. Tsayinsa kan kai kimanin mita 1.7, faɗinsa kuma ya haura mita 3.5.

Daga dama zuwa hagu ake kallon zanen, kuma sau da yawa yakan bi yanayin shekara, daga lokacin fitowar furanni zuwa na dusar ƙanƙara.

Zamanin zinare

Allon ya kai ƙololuwar daraja a ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da sarakunan yaƙi irin su Oda Nobunaga suka gina manyan fadoji.

Masu zane kamar Kano Eitoku, wanda ya rasu a 1590, sun riƙa lulluɓe fuskar allon da fallayen zinare. Baya ga nuna arziki, zinaren kan maido da hasken kyandir a ɗakuna masu duhu.

Amma ba dukkansu ne na zinare ba. Hasegawa Tohaku ya zana itatuwa cikin hazo da baƙar tawada kawai, kuma aikin nasa na gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Tokyo.

Zanen furanni na Ogata Korin kuwa, wanda ke gidan tarihi na Nezu, shi aka buga a bayan takardar kuɗi ta yen 5,000 da aka fitar a 2004.

Zuwa ƙasashen waje

Bayan isar 'yan Portugal Japan a 1543, allon ya shiga kasuwar duniya, har sunansa ya koma biombo a harsunan Portugal da Spain.

Wasu allunan wancan lokaci na nuna jiragen ruwan Turawa, tare da baƙaƙen fata daga cikin ma'aikata da bayin da suka zo da su.

A 1585 wata tawagar matasan Japan ta miƙa wa Fafaroma Gregory na 13 allo mai hoton fadar Azuchi. Daga baya allon ya ɓace.

Dokar kare kayan al'adu ta 1950 ta hana fitar da waɗanda gwamnati ta ayyana a matsayin muhimman kayan tarihi ba tare da izini ba.

Amfani da kulawa

A al'adar Japan kowane allo da lokacinsa. Akan kafa fari a ɗakin haihuwa, na zinare a bayan ango da amarya, sa'annan a kifa allo a kusa da gawa.

A watan Yuli, lokacin bikin Gion, tsofaffin gidajen 'yan kasuwa a Kyoto kan fito da allunan da suka gada domin masu wucewa su gani, sa'annan a ninke su a mayar ɗakin ajiya.

Wannan hutu na daga cikin abin da ya sa suka daɗe. Hasken rana na kashe launi, bushewar iska na tsaga takarda, danshi kuma na jawo funfuna. Shi ya sa ko a gidan tarihi na Nezu 'yan makonni kawai ake nuna zanen Korin a shekara, tsakanin Afrilu da Mayu.

Masu saye da dama kan miƙe allon su rataye a bango. Amma mai zanen ya tsara shi ne domin a tsayar da shi a ƙasa a lanƙwashe, mai kallo kuma yana zaune a kan tabarma.