Tulunan Ado Na Matthew Boulton

A ƙarni na 18, duk wani babban attajiri a Ingila da ke son ya ƙawata ɗakin baƙinsa da kayan tagulla masu ruwan zinariya, galibi sai ya aika Faransa, domin maƙeran Faris ne gwanayen wannan sana'a. Wannan abu ya tsaya wa wani mutumin Birmingham a rai, wato Matthew Boulton, wanda aka haifa a 1728, ya kuma gaji sana'ar yin maɓallai daga mahaifinsa.

A 1762 ya haɗa jari da John Fothergill, suka kafa babbar ma'aikata a Soho, bayan garin Birmingham. Wajen 1768 suka shiga ƙera tulunan ado. A lokacin manyan Turai sun kamu da sha'awar kayan Rumawa na dā, saboda abubuwan da ake haƙowa a kufan Pompeii, don haka irin siffarsu aka kwaikwaya. Cikin tulun, galibi da wani dutse ake yinsa mai suna Blue John, mai ratsin shunayya da rawaya, wanda ake haƙa kusa da Castleton a lardin Derbyshire. Daga nan sai a ƙera masa hannuwa da gindi da murfi na tagulla. Waɗansu mazaunin kyandir ne, waɗansu kuma na ƙona turare.

Wurin zuba ruwan zinariyar nan ne haɗarin yake. Akan kwaɓa zinariya da zaiba, a shafa a jikin tagullar, sa'an nan a gasa a wuta har zaibar ta tashi, ta bar zinariya a manne. Hayaƙin nan kuwa guba ne. Masu wannan aiki a ko'ina a Turai sukan kamu da makyarkyata, haƙoransu su zube, ga shi galibi ba a rubuta sunansu a jikin kayan.

Suna dai Boulton ya yi shi. Sarki George na Uku da matarsa sun sayi kayansa, haka ma Catherine, Sarauniyar Rasha. Amma riba ta ƙi samuwa. An yi gwanjon kayan a gidan Christie da ke Landan a 1771 da 1772, da yawa suka yi kwantai. Dalili kuwa, ya yi ta ƙera kaya da yawa kamar maɓallai, alhali masu iya sayensu ƙalilan ne, kuma ba su da gaggawar biyan bashi.

Kafin Fothergill ya rasu a 1782, sana'ar ta riga ta ja baya, hankalin Boulton ya koma ga injin tururi da suka haɗa kai da James Watt a kansa tun 1775. A nan ya sami dukiyar da tuluna suka hana shi. An rushe ma'aikatar Soho a ƙarni na 19, amma agogon da ya ƙera wa Sarki George yana nan cikin kayan gidan sarautar Ingila.