Tony Harrison a Zariya: Mawaƙin Ingila da Tambayar Harshe

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba shekaru huɗu daga rayuwar mawaƙin nan na Ingila, Tony Harrison, waɗanda manazarta a ƙasarsa sukan ambata a gurguje su wuce, alhali kuwa a ƙasarmu ya yi su.

An haifi Harrison a birnin Lidis a 1937, mahaifinsa mai gasa burodi ne. Hazaƙarsa ce ta kai shi makarantar 'ya'yan masu hali, inda ya koyi Latin da Girkanci. A can ne wani malami ya yi masa ba'a saboda karin harshen talakawan garinsu, ya ce bakinsa bai dace da waƙa ba. Wannan miki bai taɓa warkewa ba, kuma a kansa ya gina mafi yawan waƙoƙinsa.

A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ya zo Zariya koyar da adabin Ingilishi. A nan ya tarar da ɗalibai masu harsuna biyu ko uku a baki, amma ana auna iliminsu da harshe guda, na baƙo. A ganinmu, a Samaru ne ya gane cewa abin da aka yi masa a Lidis ba nasa ba ne shi kaɗai.

Shi da abokin aikinsa James Simmons, mawaƙi daga Ailan ta Arewa, suka ɗauko wasan kwaikwayon Aristofanis na Girka ta dā, wanda a cikinsa mata suka ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu har sai an daina yaƙi. Suka mai da shi Nijeriya, suka raɗa masa suna Aikin Mata, shugabar matan kuwa ta zama Magajiya. Ɗalibai suka nuna shi a 1964. Abin lura shi ne yadda suka raba harshe. A asalin wasan, mutanen Atina da na Sifata kowa da karin harshensa. A nan kuwa sai aka bai wa ɓangare ɗaya daidaitaccen Ingilishi, ɗayan kuma Turancin buroka, wato irin wanda ake ciniki da shi a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Sai dai dole mu faɗa cewa Hausa ba ta sami wani babban rabo ba bayan sunaye, kuma wannan giɓi ne ga mutumin da ke kukan an danne harshen iyayensa.

An buga wasan a Ibadan a 1966. A wannan shekara aka kashe Sardauna a watan Janairu, aka yi kashe-kashe a Sabon Garin Kano da sauran garuruwan Arewa, sannan yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Abin da aka yi wa dariya a dandali ya tabbata a waje, kuma babu Magajiyar da ta iya tsayar da shi.

Harrison ya bar Zariya a 1966 ya tafi Furag. Littafinsa The Loiners na 1970 yana ɗauke da waƙoƙin da ya sa a bakin Turawan da suka yi aiki a Arewa, har da wani tsohon ma'aikacin hukumar ayyuka, inda ya tona lalatarsu ba tare da sakaya ba. Ya sake komawa ga wasan Aristofanis a littafin The Common Chorus na 1992, ya ɗora shi a kan matan da suka yi zaman dirshan a ƙofar sansanin makamai masu linzami a Ingila. Ya rasu a 2025.