Gidan Tarihi na Jos: Taskar da Ta Fito Daga Ramin Kuza

A 2022 gidan adana kayan tarihi na Jos ya cika shekara 70 da buɗe ƙofarsa ga jama'a. A 1952 aka buɗe shi, shekara biyar kafin na Legas, shekara takwas kafin a sauke tutar Ingila. Ana lissafa shi na biyu a Najeriya, bayan ɗan ƙaramin gidan da aka yi a Esie ta jihar Kwara a 1945 don killace mutum-mutumin duwatsun da ke can. Duk wanda ya tashi a Jos, ko aka taɓa kai shi yawon buɗe ido yana ɗan firamare, ya san wurin: ginin dutse a gindin wani tsauni mai itatuwa, a tsakiyar gari, gidan zu na maƙwabtaka da shi. Sai dai da yawa daga cikinmu mun san ƙofar, ba mu san yadda aka yi aka kafa ta ba.

Asalin labarin daga kuza ya faro. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi dirar mikiya a kan tsaunukan Filato suna haƙo ta, kuma lebura suka riƙa kwararowa daga Kano da Zazzau da Bauchi da Katsina da Barno, suka haɗu da 'yan ƙasar wurin a bakin rami. Wasu neman kuɗin haraji ya kawo su, wasu kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ɗiban gwamna ne ya kwaso su ba da son ransu ba. Da diga da shebur da kwanon kai suka riƙa juye ƙasa, suna wanke ta a ruwa don tace baƙin yashin nan mai nauyi. A cikin wannan juyin ƙasa ne, a 1928, kusa da ƙauyen Nok na ƙasar Jaba a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, aka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu mai kama da kan biri. Baturen da ke da ramin, Kanar Dent Young, ya kai shi ofishin ma'adinai na Jos, aka ajiye, aka manta.

Shekara 15 bayan haka, a 1943, wani kai ya sake fitowa, wannan karon na mutum, a wajen Jema'a. Wani akawun ma'aikatar kuza ne ya tsince shi, ya kai gonarsa ta doya ya kafa a kan sanda don korar tsuntsaye da birai, ya yi kusan shekara a can ana ruwa ana rana a kansa. Da manajan ramin ya gan shi sai ya ɗauko shi zuwa Jos, ya nuna wa wani matashin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg. Allah ya sa an dace da mutumin. Fagg, wanda aka haifa a 1915, ya karanta ilimin binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Cambridge kafin ya shigo aikin mulki a Najeriya a 1939. Da ya ɗora ido a kan kan Jema'a ya tuna da ɗan kan birin da ke ajiye a ofishin ma'adinai. Ya haɗa su, ya ga hannu ɗaya ne, ko ma dai makaranta ɗaya. Shi ya raɗa wa tsohuwar al'ummar da ta yi su sunan ƙauyen da aka fara tsintar aikinta, kuma da sunan Nok duniya ta san ta har yau.

Abin da Fagg ya yi bayan nan shi ne ya fi ba ni sha'awa a tarihin gidan gaba ɗaya. Bai zauna a ofis yana jiran a kawo masa ba. Ya bi ramuka ɗaya bayan ɗaya, yana magana da manajoji da helumomi da lebura, yana roƙonsu cewa duk wanda digarsa ta ci karo da wani abu na yumɓu mai siffa, ya dakata, kada ya fasa, kada ya jefar. Kafin nan Allah kaɗai ya san adadin waɗanda aka farfasa aka zubar da tarkacen ƙasa. Sannu a hankali kaya suka fara taruwa: kawuna, hannaye, ƙafafu, gatarin dutse, duwatsun ado. Sunan Fagg ne ke cikin littattafai, kuma ya cancanta. Amma idon da ya fara hango kowane ɗaya daga cikin kayan nan a cikin taɓo idon lebura ne, mai yiwuwa Bahaushe ko Birom ko Bajju, wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. Su ma suna cikin waɗanda suka kafa gidan nan.

Akwai kuma Kenneth Murray, malamin zane da ya zo Najeriya a 1927, wanda ya yi shekaru yana kai ƙorafi ga gwamnati cewa kayan gargajiyar ƙasar nan suna ƙarewa, gara na ci, baƙi na kwashewa. A 1943 aka naɗa shi mai kula da kayan tarihi na farko, a 1947 kuma Fagg ya bar aikin mulki ya zama mataimakinsa. Murray ya riƙe kudu, Fagg ya riƙe arewa daga Jos. Kuɗin da gwamnati ta ware bai taka kara ya karya ba, don haka Fagg ya tsaya da kansa a kan ginin, da magina da kafintoci na gari, har aka kammala. A 1952 aka buɗe, a shekara mai zuwa, 1953, aka kafa dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar ba tare da izini ba.

Wasu Turawan lokacin sun ɗauka cewa talaka ba zai damu da irin wannan wuri ba. Mutanen Jos suka ba su kunya. Leburan kuza, 'yan kasuwa, mata da goyo, 'yan makaranta, duk suka riƙa yin layi. Fagg ya fahimci cewa gidan tarihi a ƙasarmu dole ya zama wurin da iyali za su wuni, shi ya sa tun a shekarun 1950 aka buɗe gidan zu a gefensa. Yaro ya zo kallon kura da jimina, ya tafi gida ya ga abin da aka ƙera shekara 2,000 da suka wuce.

Shekaru goma sha da suka biyo baya su ne lokacin da gidan ya yi tashe. A 1957 Fagg ya zama shugaban sashen kayan tarihi na ƙasa baki ɗaya, Jos ta zama cibiyar aikin. Daga nan aka je Birnin Kudu aka yi nazarin zanen shanu da ke jikin duwatsu, da duwatsun nan masu amo da ake bugawa kamar ƙararrawa. Daga nan aka je Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, a shekarun 1960, aka tono murhunan narka tama tare da mutum-mutumin Nok, gwaji ya nuna an yi aiki da su ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ma'ana, tun wancan zamani akwai maƙera a tsakiyar ƙasar nan da suka san yadda ake fitar da ƙarfe daga dutse. A wannan lokacin ne kuma aka tattaro rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami daga garuruwan Arewa aka adana a ɗakin karatun gidan, har aka buga kundin sunayensu a 1965. Masu cewa gidan tarihi ɗakin gumaka ne su san da wannan: rufin da ya rufe kawunan Nok shi ya rufe littattafan fiƙihu da waƙoƙin wa'azi na kakanninmu, ya tsare su daga gara da ɗigar ruwa. A 1963 hukumar UNESCO ta zaɓi Jos ta kafa makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi, ana koyarwa da Turanci da Faransanci, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban.

Ya kamata mutum ya tsaya a gaban kan Nok ya dube shi da kyau, ba kallon wucewa ba. Idon mai kusurwa uku ne, gira ta lanƙwaso a samansa, an huda ƙwayar idon har ciki. An huda hanci da kunne, wani lokaci da baki, kuma ta waɗannan ƙofofi zafi ke fita lokacin gashi don kada yumɓun ya tsage. Cikinsa fanko ne, an ɗora shi zobe bisa zobe yadda mai ginin tukwane ke ɗora randa. Sai gashin kai: tukkaye, kitso hawa-hawa, wani an ɗaure shi dunƙule-dunƙule, ga tsakiya da duwatsun wuya jere. Wanda ya yi wannan ya san ado, ya san wuta, ya san ƙasar da yake murzawa.

Wata dattijuwa ma tana da babban rabo a gidan. Sylvia Leith-Ross ta fara zuwa Najeriya a 1907, mijinta ya rasu a Zungeru ba da daɗewa ba, amma ba ta rabu da ƙasar ba. Tana da shekara fiye da 70 ta shiga bin kasuwannin ƙauye tana sayen tukwane, tulu da randa da kasko da tukunyar miya, tana rubuta inda aka gina kowanne da abin da ake yi da shi. Da su aka kafa zauren tukwane na Jos, kundinsu kuma ya fito a 1970. A lokacin wasu na ganin ɓata lokaci ne a adana abin da ake sayarwa kwabo biyu a kasuwa. Yau da roba da silba suka cinye kasuwar, an gane hangen nesanta.

Fagg ya koma Ingila a 1963 ya shugabanci gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford, ya rasu a 1987. Ragamar sashen ta koma hannun ɗan ƙasa, Ekpo Eyo, a 1968, kuma a zamaninsa ne aka yi aikin da ya fi shafar Bahaushe kai tsaye. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru tun daga ƙarshen shekarun 1950 yana zagaya Najeriya da ɗalibansa, suna auna gidajen sarakuna da masallatai da rumbuna, suna zana su dalla-dalla. Ya ga siminti da kwano na tafe, ya san nan gaba kaɗan ba za a samu irinsu ba. A shekarun 1970 aka ba shi fili a bayan gidan tarihin, aka kirawo magina na gargajiya, aka tayar da kwafin gine-ginen da girmansu na ainihi: wani yanki na ganuwar Kano da ƙofarta, sashen gidan Sarkin Katsina, masallacin Ilorin, da kuma masallacin Juma'a na Zariya.

Wannan na ƙarshe shi ne sarkinsu. Babban Gwani Mika'ilu ya gina na asalin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma na Zariyan an kewaye shi da sabon gini tun shekarun 1970. A Jos ne aka yi niyyar mai kallo ya gan shi yadda Gwanin ya tsara shi. Ginshiƙai masu kauri sun tashi daga ƙasa, bakuna sun fito daga jikinsu sun haɗu a sama, kowane baka an ɗaure shi da azara hawa-hawa, wannan ta ɗan zarce wancan, sannan aka lulluɓe da ƙasa. Tubali ne da aka dunƙula da hannu aka shanya a rana, da azarar giginya, da makuba ta ɓawon ɗorawa don kare ruwa. Babu ƙarfe ko ɗaya, babu siminti. Duk ɗalibin gine-gine da ke jami'o'inmu ya kamata a ce ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin irin wannan rufi kafin a ba shi takardar shaida.

Shekarun da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba, kamar yadda ba su zo wa kowace ma'aikatar gwamnati da sauƙi ba. A 1979 aka mayar da sashen Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ba a jima ba tattalin arziki ya karye, kasafi ya tsuke. A 1987 ɓarayi suka fasa gidan suka yi awon gaba da wasu kayayyaki masu daraja, a daidai lokacin da dillalan ƙasashen waje suka sa wa kayan Najeriya ido. Rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 sun rage baƙi. Damina kuwa ba ta ɗaga wa ginin ƙasa ƙafa, in ba a yi masa yaɓe a kai a kai ba sai ya zaizaye, kuma wasu sassan sun zaizaye. Amma ƙofar ba ta rufe ba, ma'aikata sun riƙe amana da ɗan abin da ke hannunsu.

Duniya kuwa ba ta daina neman Nok ba. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da abokan aikinsu 'yan Najeriya, suka ci gaba da tono, suka gano cewa al'ummar ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 2000 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka baje wasu mutum-mutumin Nok a gidan tarihi na Louvre a Paris, har Faransa ta amince cewa mallakin Najeriya ne. A 2022 Jamus ta fara dawo da tagullan Benin. Muna neman a dawo mana da kayanmu, kuma muna da gaskiya. To amma hujjar da ta fi ƙarfi a bakinmu ita ce gidan da muka riƙe da kyau, wanda ke da wuta da tsaro da ƙwararrun ma'aikata, kuma Jos ta nuna tun 1952 cewa za mu iya.

Kira na ga gwamnatin tarayya da ta jihar Filato shi ne su ware kuɗin gyara na kowace shekara, ba sai bango ya faɗi ba. Masarautun Kano da Zazzau da Katsina suna da sarakunan magina, gine-ginensu ne ke tsaye a can, su tura gwanayensu su yi yaɓe da yaransu a gefe suna koyo. Attajiranmu su sa hannu a aikin ɗaukar hoton rubuce-rubucen malamai a zuba su a kwamfuta. Shugabannin makarantu su dawo da al'adar kai ɗalibai. Kai kuma mai karatu, in hanya ta bi da kai Jos, ka ware rabin yini, ka ɗauki 'ya'yanka, ka biya kuɗin ƙofa ka shiga.